Gajeren Bayanin Fermín

"Sake daga farko," na ce wa Fermín. "Ba rediyon motar asibiti kake yi wa magana ba."

Ya sauke numfashi, ya dubi kujeru ukun da na jera a barandata a madadin malaman jami'ar da zai kare kundinsa a gabansu ranar Juma'a. Kyanwata na kwance a kan ta tsakiya.

"Malama, wannan farfesar ma ta yi barci."

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya. Tun yana saurayi yake aikin ceto a motar asibiti a nan Santiago, da takardar shaidarsa da komai. Amma sai da digiri za a bar shi ya koma aji ya koyar da sababbin ma'aikata, ga shi bayansa ya gaji da sauko da mutane daga benaye. Shi ya sa ya shiga jami'a da furfurarsa. Ni da na yi ritaya daga koyarwa nake sauraronsa duk yammacin da ba ya aiki. Matsalarsa ɗaya ce, aiki ya koya masa taƙaitawa. Kafin kofi ya huce ya gama bayanin babi guda.

"Ja maganar," na ce. "Kawo dalili, kawo misali."

"A wurinmu in ka ja magana, mutum ya tafi."

Ya sake farawa. A tsakiyar jimla ya tsaya, ya zauna a dakali, ya ɗora yatsu biyu a wuyansa yana kallon agogo. Gumi ya jiƙe masa riga.

"Malama, ba ni asfirin, ki kira mini yaranmu na motar asibiti. Matata kuwa, ce mata kawai ta leƙo."

Matar tasa Nurys ta shigo da wuƙar ɓare ayaba a hannu. Da motar ta iso, abokiyar aikinsa Yajaira ce ta diro da jaka. Tun kafin ta durƙusa ya fara yi mata bayanin kansa.

"Namiji, hamsin da ɗoriya. Ciwon ƙirji, yana sauka hannun hagu. Ya tauna asfirin. Yana da taurin kai."

"Yi shiru, tsoho, yau ba kai ke bakin aiki ba," in ji ta.

"Ku lanƙwasa gwiwa. Kada ku ɗaga ni da baya, ina da nauyi."

Suna tura shi cikin motar ya nemo ni da ido.

"Malama, ya wannan bayanin?"

"Babu gyara," na ce.

Bai kai asibiti ba.

Ranar Juma'a Nurys ta shigo da farar rigar da ta goge masa tun farkon mako. Ta rasa inda za ta ajiye ta, sai ta rataye a bayan kujera ɗaya.

"Malama, da zai ci jarrabawar?"

"Da zai ci."

Muka zauna a dakali, kofi na hucewa a tsakaninmu. Kujerun na nan a jere yadda na bar su. Kyanwar ta hau ta tsakiya, ta naɗe jela.