Ƙusar da na kafa wa Kili

Ranar da sanmu ɗaya ya mutu, yayana Ghali bai ko bari an gama fiɗa ba ya nuna duƙushin Baffa da baki.

"Ranar kasuwar Dangora zan kai wannan, in musanya shi da wani san. Damina ba za ta jira mu ba."

Kai, raina ya ɓaci! Duƙushin nan, Kili, shi kaɗai ya rage daga goɗiyar Baffa mahaifinmu, wadda ta mutu wajen haihuwarsa. Ni na raine shi da madarar shanu a kwalba, tun da aurena ya mutu na dawo gida Burumburum. Shi kuwa Baffa, kafin idonsa ya rufe, har daga Doguwa ake zuwa ya duba duƙushi ya faɗi tsawon da zai yi. Yanzu abin da ya rage masa shi ne ya laluba zuwa turke da safe ya shafa bayan Kili.

"Yaya, ka bar shi," na ce.

"In bar me, Baturiya? Shekara guda, dubi shi kamar jaki. Kuru ne, ba zai ƙara ba."

Baffa na kan tabarma yana jinmu. Ya sa hannu a aljihu ya zaro tsohuwar igiyarsa ta awo.

"Zo ki zama idona," ya ce.

Na kama hannunsa muka je turke. Ya lalubo inda ƙafar gaba ta haɗu da ƙirji, ya danna kan igiyar a nan. Ya ce in ja ta ƙasa zuwa gaɓar da ke saman kofato, in ƙulla. Na ƙulla.

"To, juya ta sama, kan yana nan inda na riƙe. Inda ƙullin ya tsaya, nan kafaɗarsa za ta kai."

Na juya. Wallahi ƙullin ya wuce kafaɗar Kili da tafin hannu biyu. Na ɗauko ƙusa na kafa a ginshiƙin rumfa daidai wurin.

Ghali ya yi dariya. "Igiya ce za ta yi mana huɗa?"

"Ka aro sa ka haɗa da namu a babbar gona," na ce. "Ta bayan gida ka bar mini, ni da garmar hannu. Amma kada Baffa ya ji." Duk wannan a kunne na faɗa masa.

"Za ki gudu kafin sati."

Ban gudu ba. Damina huɗu ina huɗa kunya bayan kunya, tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, suka zama kanta. Matan unguwa suna wucewa suna ce mini matar doki. Su ce mana!

Kili kuma ya so ya kunyata ni. A shekara ta biyu kuturinsa, wato wajen gindin wutsiya, ya yi sama ya bar kafaɗa a ƙasa, yana tafiya kamar mai gangara. Ghali ya kira maƙwabta su zo kallo. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, ban ɓoye ba. Baffa ya shafa shi daga wuya har wutsiya, ya ce, "Baya ne ke fara tashi. Gaba na tafe."

Ya ɗauki lokacinsa kuwa. Sai da muka kai kaka ta huɗu, wata safiya bayan an shigo da dawa, na jawo Kili jikin ginshiƙi. Na kira Baffa, na kira Ghali.

Baffa ya ɗaga hannu, ya ƙara ɗagawa, kafin ya samu kafaɗar. Ya zarce da tafinsa a miƙe har ya taɓa ginshiƙi. Ƙusar ta shiga tsakanin yatsunsa.

Ghali ya cire hula ya sosa kai. "To, Baffa, igiyarka ta ci."

Baffa ya juyo wajena. Ya miƙo hannu yana neman nawa don mu koma tabarma. Tun da na fara huɗa hannun rigata nake ba shi, amma ranar murna ta sa na manta, na ba shi tafina.

Ya tsaya cak. Ya bi kantar da babban yatsansa, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi huɗar bayan gida?"

Na so in janye hannuna, ya ƙara riƙewa.

"Na auna doki daidai," ya ce. "Ke ce ban auna ba, 'yata."