Jiha Ta Tsaya Maka

"Ɗago mini kai, Gwamna, na gaji da kallon silin," in ji Orval.

Delbert ya gyara masa matashin kai. Mutumin da a da yake tura tarakta shi kaɗai, yau bai fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. An sako shi daga kurkukun tarayya ne don ya mutu a gida, ciwon huhu ya gama cin ƙarfinsa.

Maƙwabta ne tun suna samari, shingen waya kaɗai ya raba gonakinsu na alkama. Lokacin da majalisar jiha ta yi doka cewa duk bindigar da aka ƙera a cikin jihar babu ruwan gwamnatin tarayya da ita, Delbert ne ya bi gida-gida yana tallarta, har aka laƙaba masa Gwamna. Shi ya tsaya a garejin Orval yana buga ƙirji: "Tsarin mulki bai ba su wannan ikon ba. Ƙera abinka ka sayar, jiha ta tsaya maka." Orval maƙeri ne, ba lauya ba. Ya ƙera. Ranar da jami'an tarayya suka sa masa ankwa, jiha ko masinja ba ta aiko ba.

"Bindigar farautar babana tana wajenka har yanzu?" Orval ya tambaya.

"Tana nan. Ina shafa mata mai."

"Kawo mini in riƙe. Ba harbi zan yi ba, ko cokali ba na iya ɗagawa."

Delbert ya dubi taga. Doka ta hana tsohon fursuna taɓa bindiga, kuma wanda ya miƙa masa shi ma ya shiga uku.

"Ka san jami'in tarayya da ke sa maka ido yana leƙo ka ba sanarwa. Bari dai mu ga gobe."

Orval ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Lorene, zo ki ji! Gwamna yana tsoron tarayya. To ina tsarin mulkin naka?"

Matar Orval ta shigo da kwanon romon kaza. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma dubi Delbert ba.

Da gari ya waye Delbert ya naɗe bindigar a bargo, ya kai bakin shinge, ya hango wata farar mota a titi, ya koma. Ashe motar mai raba wasiƙu ce. Ya ce sai bayan abincin rana.

Bayan abincin rana, yana isowa ƙofar gidan Orval, Lorene ta fito baranda da kanta.

"Ba sai ka wahala ba, Delbert. Ya cika."

Ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ta koma ciki ta bar shi nan tsaye. Can a igiyar shanya, rigar barcin Orval tana ɗigar da ruwa a kan ciyawa.