Ɗan Dabinon da Ya Tafi Basra

Mijina Balarabe bai taɓa ba mutum abin da ya roƙa ba. Ba wai ba ya kyauta ba ne, yana yi. Sai dai ka roƙi shayi ya ba ka gahawa, ka nemi aron tsani ya aiko maka da igiya. Shekara talatin da ɗaya ina zaune da shi a gonarmu ta dabino da ke Awali, a gefen birnin Manzon Allah, na san halin nan ciki da waje. Ni kaina in ina son zuwa kasuwar Sultana, cewa nake yi ya kai ni wurin yayata, sai in tsinci kaina a Sultana.

A shekarar da ta biyo bayan shigar Amurka Bagadaza, Balarabe ya zama masanin Iraƙi. Kullum bayan la'asar abokansa su taru a rumfar gona, a kunna talabijin, shi kuwa ya hau yanke hukunci. Mutumin da ko Tabuka bai taɓa zuwa ba, ya san rijiyoyin man Kirkuk kamar shi ya haƙa su.

"Duk fetur ne, ya jama'a," haka yake cewa yana dukan cinya. "Wallahi da Ba'iraƙe zai shigo gonar nan yau, da rigar wuyana zan tuɓe masa."

Ina jin su ta tagar kicin, ina soya sambusa, ina jiran ranar da Allah zai kawo Ba'iraƙen.

Ya kawo shi kuwa, sati biyu bayan aikin Hajji. Mahmudu ne ya zo da shi, mutumin Chadi da ya tsufa yana hawan dabinonmu. A masallacin Ƙuba suka haɗu, hira ta kai su ga dabino. Sunan baƙon Haji Jasim, wani siririn dattijo mai baƙar kwat a kan jallabiya, daga wani ƙauye kudu da Basra. Motarsu ta alhazai za ta kama hanyar gida washegari bayan azahar.

Balarabe ya tarbe shi kamar ɗan'uwan da ya ɓata. Ya tambaye shi abin da zai sha, ya ce shayi, aka kawo gahawa. Ya tambaye shi wane dabino zai ɗanɗana, ya ce ajwa, aka kawo safawi. Na ga dattijon ya dubi farantin, ya dubi mijina, ya yi ɗan murmushi. A lokacin na ɗauka kawaici ne.

Daga nan aka zaga da shi gona. Yana tafe yana shafa kututture, yana faɗin sunan kowace bishiya tun kafin a gaya masa. Ya daɗe tsaye a gindin namijin dabinon da ke bakin rijiya, wanda da garin furensa ake yi wa matan barbara su yi 'ya'ya. Sai da suka iso layin barhi ya buɗe baki.

"Wannan 'yar garinmu ce, ya Abu Fahad," ya ce wa mijina, yana kiran sa da alkunyarsa. "Daga Basra barhi ta fito. Ka ba ni fasila ɗaya in koma da ita gida."

Fasila ita ce 'yar dabino da ke tsirowa a gindin uwa. Ita ake cirewa a dasa in ana son irin ya fito sak. Balarabe kuwa ya fi ƙaunar barhin nan da 'ya'yan cikinsa, su ma sun sani. Amma ga abokai a tsaye sun zuba masa ido, maganar rigar wuya ko sanyi ba ta yi ba.

"A kaina da idona," in ji Balarabe. "Ka dawo gobe da hantsi."

Baƙi na watsewa na ji ya kira Mahmudu bayan kicin. "Ka ciro masa ɗaya daga gindin namijin can. Ka yanke ganyen, ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Kafin ya gane ya shekara huɗu, halas, shi ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Namiji ba ya 'ya'ya, ɗaya ya ishi mata ashirin, sauran da ke tsirowa a gindinsa zubarwa muke yi. Wato tsohon da yaƙi ya cinye wa ƙasa zai rungumi abin zubarwa har Basra, ya yi ta ba shi ruwa yana jiran barhi. Na ce a raina ba a gidana ba.

Da safe Balarabe ya fita sayo burodi, na kira Mahmudu. Ya yi ta kame-kame, wai yana tsoron Abu Fahad. Na tuna masa wa ke zuba masa abinci. Ya ɗauko ƙarfen cira, muka zaɓi 'yar barhi mafi ƙiba, ya raba ta da uwarta, ya naɗe ta a buhu iri ɗaya. Namijin da ya riga ya ciro muka jingine bayan ɗakin injin ruwa. Na koma kicin ina jin kaina kamar wadda ta 'yanta Bagadaza ita kaɗai.

Haji Jasim ya iso da hantsi. Balarabe ya miƙa masa ƙunshin da hannu biyu, har da ɗan jawabi a kan 'yan'uwantaka. Dattijon ya durƙusa, ya kwance bakin buhun, ya shafa ƙayoyin da babban yatsa. Sai na ga fuskarsa ta faɗi. Balarabe ma ya gani, ya zaci asirinsa ne ya tonu, nan take ya tuna akwai bututun da ya fashe a ƙarshen gona.

Na yafa abaya na fito bakin ƙofa. "Haji, kwantar da hankalinka. Barhi ce ta gaske. Namiji ya so ba ka, ni na sa aka canza."

Ya ɗago ya dube ni. "Allah ya saka miki da alheri, ya Ummu Fahad. Kin yanka ni."

Na tsaya sororo. Ya zauna a kan bulo, ya yi mini bayani a hankali, kamar mai karanta labarin wani. Gonar mahaifinsa bishiya ɗari huɗu ce a bakin kogi. Yaƙin Iran ya ƙone rabi. Sojoji suka share wasu don su ga abin da ke tsallake. Da takunkumi ya zo, kananzir ya yi wuya a lokacin sanyi, mutane suka koma sarar dabino, kuma kowa da wanda ba ya 'ya'ya yake farawa.

"Muna kwance a kan mai, muna girki da dabino," in ji shi. "Yanzu mata goma sha ɗaya suka rage mini. Babu namiji ko ɗaya a ƙauyen, inda ake samun garin furen kuma hanyar duk bindiga ce. Kowace shekara su yi fure, su jira, furen ya kaɗe. Haka gidana ma yake. 'Ya'yana maza biyu ne, ɗaya bai dawo daga Kuwait ba, ɗaya ya rasu a asibitin da babu magani. Matansu na nan."

Na rasa inda zan sa idona. "To me ya hana ka roƙi namijin?"

"Shekara goma sha uku ina bin layin rabon abinci, 'yar'uwa. In kana son shinkafa, kukan sukari kake yi. Jiya na nemi shayi aka ba ni gahawa, na nemi ajwa aka ba ni safawi. Da na roƙi namijin, da me zai ba ni?"

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Ni da nake zuwa Sultana da wannan dabara tun ina amarya, ni ce ban gane ta a bakin wani ba. Na hango Balarabe yana dawowa, yana tafe yana leƙe. Na ce wa dattijon ya bar fuskarsa yadda take, kada ya gyara.

"Abu Fahad," na ce da ƙarfi, "ina da laifi. Barhinka ce a buhun nan. Ni na sa Mahmudu ya ciro, namijin da ka ce a ba shi yana bayan ɗakin inji."

Ai kuwa ya manta da baƙo, ya manta da 'yan'uwantaka. Ya fizge ƙunshin ya rungume, yana tambayata ko gonar ubana ce. Ya aika Mahmudu ya ɗauko namijin, ya dangwarar a gaban Haji Jasim. "Wannan na yi niyya, wannan zan bayar. Ɗayyib? Ka yarda? In ba ka so ka bari."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya, ya girgiza kai. "Ma'alesh, ba komai. Mu mun saba karɓar abin da aka ba mu." Ya ɗauki buhun kamar mai ɗaukar jariri, ya shiga motar gona Mahmudu ya ja. Sai da suka kai bakin ƙofa na ga kafaɗunsa na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba.

Na so in riƙe labarin har dare, amma ya fi ƙarfina. Balarabe na zaune a rumfa yana lallashin 'yar barhinsa na zayyane masa komai, ina jiran ya fashe in sha dariya. Bai fashe ba.

"Guda nawa ya ce sun rage?"

"Goma sha ɗaya."

"Ɗan namijin nan sai ya shekara huɗu kafin ya yi fure. Tsohon nan yana da shekara huɗu?"

Ya tashi ya ɗauki igiyar hawa. Rabon da ya hau dabino tun kafin ya yi tumbi, amma ya kama namijin bakin rijiya ya hau, yana nishi, yana zagin ƙayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya yanko kwanson fure uku da suka nuna, waɗanda jiya-jiya ya hana maƙwabcinmu. Ya naɗe su a jarida, ya jefa a bayan motarsa tare da 'yar barhin, ya fita ko takalmi bai canza ba.

Sai bayan la'asar ya dawo, bayan motar wayam. Abokansa sun riga sun taru, talabijin na nuna hayaƙi a wani gari. Bai shiga rumfar ba, kicin ya shigo ya zauna a kan buhun shinkafa.

"Ka same su?"

"Suna loda kaya."

"Me ya ce?"

"Da ya ga furen ya ce shi ba wannan ya roƙa ba." Ya goge ido da gefen shimaginsa, mayafin da ke kansa. "Na ce masa ni ban taɓa ba mutum abin da ya roƙa ba, kuma ba a kansa zan fara ba."

Na ce idonsa ya yi ja. Ya ce garin fure ne. Na zuba masa shayi, ya karɓa ya sha, bai ce gahawa yake so ba.