Surukin da Ke Hawa Wuyan Mutane

Duk unguwar Tremont babu wanda bai san Haisam Dogo ba, yaron nan da sai ya sunkuya yake shiga masallaci, dattawa suna ta yaba masa ladabi alhali ƙofa ce ta yi masa gajarta. Ƙwallon kwando ya buga a kwaleji, amma kwandon bai karɓe shi ba. Yana nan yana jigilar kaya a wani kanti sai ga wani Bature mai jan wuya ya zo ya auna shi kamar zai ɗinka masa babbar riga, ya ce akwai aiki a Melbourne.

Aikin kuwa ƙwallon 'yan Ostareliya ne. Ƙwallon kamar ƙwai take, in ka buga ta a ƙasa sai ta kama gabanta kamar akuyar maƙwabta. Naushinta ake yi a miƙa wa ɗan'uwa. Sanduna huɗu ne a bakin fili, ko ka ɗan ɓarar sai a ba ka maki ɗaya na sannu da ƙoƙari. Babban abin alfahari kuma shi ne ka tako da gudu, ka ɗora gwiwa a kafaɗar wani bawan Allah, ka cafke ƙwallo a sama. Haisam ya shekara biyar yana hawa mutane, an fasa masa hanci, an ɗinke masa gwiwa, ana kuma biyansa.

Da hutu ya zo sai ya dawo gida da magana ɗaya: Safiatu yake so, wata nas da ke unguwar Port Richmond, can ƙetaren ruwa. Ubanta, Baba Abukari, mutumin Zangon Kumasi ne mai kantin kayan abinci, kuma ba ya ba da 'ya sai ya yi bincike. Ya aiko cewa a zo da yaron, a zo da shaidar sana'arsa, shi da idonsa zai gani.

Nan Haisam ya hau lissafi. Wace shaida? Ya nuna wa dattijo kansa cikin ɗan guntun wando da riga ba hannu, yana taka wuyan ɗan mutane? Ai auren ya mutu tun kafin a ɗaura. Sai ya zauna ya wanke bidiyonsa tas. Ya cire tsalle, ya cire karo, ya cire jini. Abin da ya rage: Haisam cikin kwat yana gaisawa da koci, Haisam yana shafa kan yara, Haisam yana ɗaga wa jama'a hannu.

Ran Asabar bayan Azahar suka hau jirgin ruwa shi da Kawu Faruƙ, ƙanen babansa. Kawun nan shi ke riƙe da kulob ɗin ƙwallon ƙafa na 'yan Najeriya da ke karawa da 'yan Gana duk Sallah a fili, kuma tun a jirgi yake masa tuni.

"Bana kai ne golana, ka ji ko? Shekara uku suna cin mu. Da wannan tsawon naka ko tsuntsu ba zai wuce ba."

"To, Kawu. A fara samun matar tukuna."

A falon saman kanti aka gaisa, aka sake gaisawa, aka kunna talabijin. Baba Abukari ya gyara tabarau. Ya kalli kwat. Ya kalli kan yara. Bidiyo ya ƙare.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Alhaji," ya juya wajen Kawu, "ni ban ga aiki a nan ba fa. Na ga gaisuwa. Yaronku ya iya gaisuwa, ba musu. Amma ina gumin?"

"Ai Alhaji, aikin nasu..."

"Ni ma ina gaisawa da mutane a kanti, kyauta. Ko irin waɗanda ake ajiyewa a benci ne su riƙe wa 'yan wasa ruwa? A gaya mini gaskiya. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ya ƙetare duniya don ɗaga hannu ba."

Shekara biyar ana kiran Haisam dodon tsakiyar fili, yau ga shi ya zama mai riƙon ruwa, kuma da hannunsa ya yi wa kansa.

Sai talabijin ya canza da kansa. Daga kicin aka ji Safiatu tana cewa, "Yi haƙuri Baba, wayata ce ta haɗu." Amma ba ta kashe ba.

Ga Haisam nan cikin guntun wandon, cinya a waje. Ya tako da gudu, ya ɗora gwiwa a wuyan wani ƙato, ya tashi sama kamar an ja shi da igiya, ya cafke ƙwallo, suka zubo tare. Ya miƙe hanci na jini yana dariya.

Kawu ya ce, "Innalillahi." Haisam ya kafa wa kafet ido.

"Safiatu!" Baba ya ɗaga murya.

"Na'am, Baba?"

"Mayar da shi baya."

Aka mayar. Aka sake mayarwa. Baba ya matso bakin kujera.

"Wannan da ka hau, ya kai ka ƙara?"

"A'a, Baba. Bayan wasa ma ya rungume ni."

"Kuma alƙali yana kallo?"

"Shi ya busa ya ce ƙwallon tawa ce."

"Kai! Ka ga aiki!" Baba ya bugi cinyarsa. "Wannan kake ɓoye mini? Wandon dai a ƙara masa yadi. Alhaji, na ba ku."

Kawu ya washe baki ya ɗaga hannu zai fara addu'a.

"Tsaya tukuna. Sharaɗi ɗaya. Surukin gida ɗan gida ne. Ran Sallah ragar 'yan Gana zai tsare."

Hannun Kawu ya tsaya a sama. Ya dubi Haisam, Haisam ya dubi ƙofar kicin.

"Na yarda, Baba."

A jirgin komawa, da suka hango Manhattan, Kawu ya juyo wajen Haisam.

"Ɗan'uwana ya haifi maci amana," in ji shi. "To ka sani, ni da kaina zan shigo filin nan, kuma wallahi ka hau wuyana sai na gaya wa babarka."