Takardar Ikko

Ni mahauci ne, shekara talatin ina yankan nama a kasuwar Batsari, da ido nake gane mai ciwo. Amma wai sai an kai tsokar yayana har Ikko kafin a san abin da ke cikinta.

Yaya Malam Barau limamin Karare ne. A shekarar 1955 fitsari ya riƙe masa kwana biyu, muka ɗora shi a mota zuwa Katsina. Likita Bature ya yi aiki, ya ce wata tsoka ce a gindin mafitsara ta kumbura, ya gutsuri kaɗan ya aika Ikko a kwalba, ya ce a jira takarda. Hanya ta buɗe, amma ta bar shi da yoyo. Ya yi alwala, kafin ya kai masallaci wando ya jiƙe. Mai yoyo kuwa ba a so ya ja masu lafiya salla, shi da bakinsa ya karantar da mu haka.

Almajirinsa Sammani, magidanci ne, ya riƙe masa limanci na aro. Kullum Yaya ce mini yake, “Bari takarda ta zo, Rabe.”

Ta zo asibitin Safana bayan kwana hamsin. Muka tafi Safana a kan jakuna, malamin asibiti Armaya'u ya karanta mana. Wai sun duba a madubin likita, ƙwayoyin tsokar sun sauya kama, ba irin na mai lafiya ba. Ba su ce ciwon daji ne ba, ba su ce ba shi ba ne. A koma bayan wata shida.

“Kai, wannan ai ba magana ba ce!” na ce. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Yaya ya ɗaga mini hannu. “Malam Armaya'u, yoyon fa? Sun ce zai tsaya?”

Armaya'u ya juya takardar, bayanta fari fat. “Allah gafarta Malam, ba su taɓo shi ba.”

Da magariba, a masallacin Karare, jama'a suka buɗe wa Yaya hanya zuwa gaba, sun zaci albishir muka kawo. Ya kama hannun Sammani ya kai shi gaban sahu. “Ba aro ba ne kuma. Naka ne.”

Ya dawo can baya, bakin ƙofa, kusa da ni. Wallahi tausayinsa ya kusa kashe ni. Sammani ya idar da Fatiha, masallaci ya ɗauki amin. Na Yaya ya fito bayan na kowa.