Shafi na Tara

Shekara shida Malam Elias, malamin lissafi a wata sakandare ta Gombe, ya yi yana fama da magana guda. A shekarun nan na fetur abokansa duk sun ajiye alli sun kama kwangila, shi kuwa yana ɗakinsa a unguwar Barunde yana cika takardu da baƙaƙe.

Aikinsa a kan abin da masana ke kira zobe ne, wato tarin abubuwan da ake iya tarawa a kuma ninka su. So yake ya tabbatar cewa duk ƙa'idar da ta raba ninki haka, d(ab) = d(a)b + ad(b), dole ta kiyaye tarawa ita ma. Wani farfesa a Zariya, mai shirin komawa ƙasarsu, ya ce in hujjar ta iso kafin Juma'a zai samo masa gurbin karatu. Bayan shi babu wanda ya san da Elias.

Ran Alhamis da rana matarsa Selina, mai buga tafireta a wani ofis a GRA, ta hana kanta abinci tana buga masa. Shi yana tsaye a kanta kamar mai jiran haihuwa, don motar Zariya ƙarfe huɗu za ta tashi.

A shafi na tara ta tsaya.

"Baban Edna, nan ka rubuta ab, layin ƙasa ya koma ba. Wanne zan buga?"

"Duk ɗaya ne, yi sauri."

"Ba kai ka ce mini a zobenka ba ɗaya ba ne? Ka ce a daka a tankaɗe daban yake da a tankaɗe a daka."

Ya fizge takardar. Ya duba layin. Gaskiyarta ce, kuma shafuka goma sha ɗayan da ke gaba duk a kan wannan layin suke zaune. Ya tsuguna a ƙasa da biro, ya bi ta nan ya bi ta can, hanya ta ƙi ɓullewa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Buga ab duka biyun," ya ce. "Don Allah, Selina. Farfesa ba zai lura ba."

"Ni da na tsaya a aji bakwai na lura," in ji ta a hankali.

Duk da haka ta buga, don tana tausayinsa. Ya ɗauki ambulan ya ruga tasha. Ya tsaya bakin motar, direba na ta yi masa magana, hannunsa ya ƙi miƙa masa ambulan har motar ta tashi.

Washegari ya shiga aji ɗaya da ambulan a aljihu. Ya rubuta 3 × 4 a allo, ya juyo. Yara arba'in suka ɗauka baki ɗaya, yadda ya koya musu tun farkon shekara: "Uku sau huɗu, huɗu sau uku, duk ɗaya ne, Malam!"