Kan Baba na Yumɓu

Kwana da kwanaki Baba yana zaune kamar an dasa shi, autarsa tana gina kansa da yumɓu, aikin da zai sama mata gurbi a makarantar zane. Da ta gama, ya shigo ɗakin ya tarar ta sa siririyar wayar ƙarfe ta yanke saman kan. Ya kuwa san halinta: in abu bai yi mata ba, rusa shi take yi.

"Auta, me ya yi zafi? In hancin ne, haka Allah ya yi ni!"

Ta tuntsire da dariya. "Baba, ƙwaƙule cikin zan yi in mayar da saman, kar ya fashe wajen gashi a wuta."

Ya sauke ajiyar zuciya. "To, ki rage min 'yar ƙwaƙwalwa."